Gefe na Uku

Litinin, 3 ga Maris

An kawo min ɗinkin ƙyallen wuya na 'yan makaranta. Alwatika ne mai gefe uku daidai, kowane gefe inci goma sha takwas, za a bi bakinsa da siririn leshi. Kamar kullum na leƙa falo na ce, "Baba, leshi nawa zan yanka?" Ba wai ban iya ninka abu sau uku ba. Tun da ya bar koyar da lissafi, aikin da ya rage masa ke nan, shi ya sa nake kai masa.

Ya ce talatin da shida. Na tsaya jiran ya yi dariya, don ya saba gwada ni. Bai yi ba.

Na yanka yadda ya ce. Gefe guda ya zauna tsirara.

Laraba, 5 ga Maris

Baba fa, mutumin da har maƙwabta ya dama da "gefe sau uku, kowace kusurwa sittin, ko ɗan yatsa ne ko dutse." Yau na shimfiɗa masa ƙyallen a cinya. Ya bi gefe ɗaya da yatsa, ya bi na biyu, ya tsaya cak. Wai ya dawo gida, ya gama zagaye.

Na ɗauke ƙyallen. Na ce shayinka zai huce, Baba.

Alhamis, 6 ga Maris

Gajiya ce. Ba ya samun barci, shi ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ya zo, da bakinsa kamar reza. Wai tun bara yake lura da Baba, a kai shi wurin likita ya duba ƙwaƙwalwarsa. Na ce wanda bai kwana a gida ba shi zai gaya min inda rufi ke yoyo? Ya ce, "Auta, ba shi kike karewa ba, kanki kike karewa." Na bar masa falon. Da ƙarya ya yi, da ban ji zafi haka ba.

Tsoro nake ji, wallahi. In aka sa wa abin nan suna, ba zai tafi ba.

Talata, 11 ga Maris

Na nuna wa Baba ƙyallen da leshin bai kai ba, ko zai gano da kansa. Ya juya shi, ya ce wane sakaran tela ne ya yi wannan. Sai ya ga fuskata. Ya ce, "Ni ne na ba ki awon?"

Na ce a'a, almakashi ne ya zame.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tambaye shi yau ma. Ya ce talatin da shida, har da gyara zama. Na ce na gode, Baba. Na koma kan keken ɗinki na yanka hamsin da huɗu.

Na kira Yaya, batun zare kawai. Na dai ce in zai zo ran Litinin ya taho da mota.