Hoto Uku da Suka Cinye Irin Yayana

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke turo wa manoma darasi ta waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makarantar allo ne a Unguwar Lalle, ƙasar Sabon Birni. Da yake ina da babbar waya, wurina manoman unguwarmu suke zuwa in darasinku ya shigo. Da nadama nake rubuto wannan takarda, domin ina da hannu a ɓarnar da za ni faɗa.

Na farko. Bayan damina biyu da ruwa ya yi mana rowa, kun raba mana irin gero mai saurin nuna, kuka turo darasin shuka shi. Muryar bayanin ta ƙi buɗewa, sabis ɗinmu sai an hau tudu. Abin da ya sauko hoto uku ne a jere, babu lamba, babu kibiya: taki a rami, hadari, sai hannu yana zuba iri.

Na biyu. Yanzu na san nufinku: a sa taki, a jira ruwa mai ƙarfi, sannan a shuka. Amma ni tun ina ɗan shekara biyar daga dama nake fara karatu, haka duk wanda ya tashi da allo. Sai na ga iri, hadari, taki. Ban yi kokwanto ba, domin binne muka gada, a rufe iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Har daɗi na ji wai masu ilimin zamani sun yarda da iyayenmu.

Na uku. Yayana Buhari, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya so ya jira. Ni na nuna masa wayar, na ce masana sun yi magana. Ya binne irinku duka, ya haɗa da ɗan ragowar nasa. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, sama ta ɗauke. Ina gani tsiron ya kwanta ya bushe. Da ruwan gaske ya zo, ba shi da ƙwaya ɗaya. Da furfurarsa ya taka zuwa Kamarawa roƙon iri wurin surukansa.

Ranka ya daɗe, na sanar da wakilinku sau biyu, hoton yana nan yadda yake. Ban ce mai zanen mugu ba ne. Bai dai taɓa zama a tabarmarmu ba.

Roƙona: ku jera hotuna daga sama zuwa ƙasa, wannan ba mai juya shi. Ku sa lamba ta boko da ta ajami. Kafin ku saki darasi, ku miƙa wa dattijo ɗaya na allo, ku yi shiru, ku ga inda yatsansa zai fara sauka.

Ku hanzarta, don Allah. Jiya Yaya Buhari ya sake zuwa, ya zauna, ya ce in duba masa abin da kuka turo bana. Ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Malam Sa'idu, Unguwar Lalle.