Dogo Ya Mutu, Baba Ya Kasa Sabawa

Yaya Sa'adu,

Gaisuwa mai yawa daga Kamlin. Ya jikinka, ya aiki, ya iyali? Mu lafiya lau.

Dogo, ƙaton karen da ka bar wa Baba yana gadin gona, ya mutu. Baba ya rantse maƙwabcinmu Malam Isa ya sa masa guba, har suka daina gaisawa. Likitan dabbobi ya duba, ya ce, "Alhaji, tsufa ne. Manyan karnuka ba sa daɗewa, a jininsu yake."

Washegari Baba ya je ya nemi gafarar Malam Isa. Amma har yanzu yakan rage wa Dogo tuwo a kwano, sai ya tashi kai masa ya tuna ya mutu.

Ka kira shi, don Allah. Ka sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zainabu