Gansakukar da Kuka Sa Na Yi Wa Shaida

Zuwa ga Dakta Nasiru, shugaban aikin tace ƙazamin ruwa da gansakuka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni ne Haruna, limamin Juma'ar ƙauyen nan na ƙasar Kunci da kuka haƙa wa tafkuna a bayan mayanka. Na rubuto maka a fili ne saboda wayarka ta daina shiga, kuma abin da ya haɗa mu ma a bainar jama'a aka yi shi.

Na farko, ka tuna lokacin da kuka zo. Shekarar da man fetur ya gagari talaka ce. Injinan ban ruwa an jingine su a zaure, masu lambu suna kallon albasarsu tana bushewa. Ga kwatar mayanka da ruwan masu gumin shinkafa suna kwarara cikin kududdufi, wari ya hana mu buɗe tagar masallaci. Ka ce akwai wata irin gansakuka, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, da ke cinye dattin ruwa muddin tana samun rana kuma ana motsa ta. Kuka kafa sola da wata na'ura mai juya ruwan. Ba zan zalunce ka ba, aikin ya yi. Da hancina na sansana ruwan tafkin ƙarshe, ban ji wari ba.

Na biyu, mutane sun ƙi taɓa ruwan, don kore ne, kuma sun san inda ya fito. Sai ga ka a zaurena, ka cire takalmi, ka durƙusa, kana kirana Baba. Ka ce bakina kaɗai jama'a suke ji. Ban amsa maka nan take ba. Na koma littattafan fiƙihu, na je har wurin malamina. Na tabbatar cewa ruwan da gansakuka ta canza wa launi bai ɓaci ba, tunda a cikinsa take tsirowa; abin dubawa shi ne ko alamar najasa ta gushe. Abu guda na tambaye ka: idan kun tafi, wa zai kula da wurin? Ka dafa ƙirji ka ce ba za ku tafi ba sai kun koya wa mutanenmu aikin, kuma kayan sun zama na gari. A kan wannan alkawarin na hau mumbari na ce a yi ban ruwa, a shayar da dabbobi, a yi wanki, wanda ya matsu ya yi alwala. Sha kaɗai na hana.

Na uku, manyan baƙinku sun zo, an ɗauki hotuna, har da ni da rawanina a bakin tafki. Kafin damina ta faɗi ma'aikatanku suka zo da mota suka kwance sola da batir, wai za a kai gyara. Damina biyu ke nan. Ba ku koya wa kowa komai ba. Na'urar ta yi tsatsa, gansakukarku ta mutu ta ruɓe a ƙasa, wata ta rufe sama. Jinin mayanka yana shiga ta nan yana fita ta can, amma ga mai kallo daga nesa, kore ne jiya, kore ne yau.

Na huɗu, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Da na ga yara sun fara ƙaiƙayi da gudawa, na sake hawa mumbari na janye maganata. Sai gari ya rabu. Masu lambu, da ba su da wani ruwan, suka ce wace maganar Liman za su riƙe, ta bara ko ta bana? Na iske maƙwabciyata Hajiya Gambo, tsohuwa mai yawan ibada, tana alwala da shi. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ai kai ka halatta, Malam, ni kuwa ban ga ya canza ba." Sauran kuma suna cewa tare muka ci da ku. Allah ya sani, ko goro ban karɓa a hannunku ba.

Makon jiya amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyen da ke gabanmu. Ma'aikatan lafiya suka roƙe ni in sanar cewa za a zuba magani a rijiyoyin gidaje. Ina gama bayani bayan sallah, Sale mai lambu, wanda ni na raɗa wa 'ya'yansa suna, ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ma irin na gansakukar ne?" Babu wanda ya tsawatar masa. Yawancin gidaje sun ƙi bari a taɓa musu rijiya. Mahaifina ya tsufa yana limanci a garin nan, ba a taɓa yi masa irin wannan tambayar ba. Dakta, kun ci amanata, kuma na ji ciwo ƙwarai.

Roƙona biyu ne. Ku dawo da kayan ku koya wa mutanenmu aikin, in kuwa ba za ku iya ba, ku zo ku cike tafkunan nan. Sannan kai da kanka ka zo ranar Juma'a, ka gaya wa jama'a cewa ruwan da ke nan yanzu ba shi ne wanda ka nuna mini ba, kuma ba ku ba ni komai ba. Sunana zan iya bar wa Allah. Amma cutar tana matsowa, kuma ba ni da sauran bakin da zan sa a buɗe rijiyoyin nan.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare maka zuri'a, ya sa idan ka yi magana a yarda da kai.

Wassalam.

Liman Haruna Isiyaku,
ƙasar Kunci, Jihar Kano.