Maƙalar da Ruwa Ya Ci

Unguwar Mairi,
Maiduguri.

Zuwa ga Kawu Maikuɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Talatu da duk mutanen gida a Zariya. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya bar mana kai. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙanena Umar Faruk ya koma bakin aikinsa, Hajja kuma ta fara fita sallar Juma'a da ƙafarta. Na zaɓi in rubuto ne saboda na san kunnenka ba ya shiri da waya, maganar kuma doguwa ce.

Kawu, saura ƙiris a kore ni daga karatun digiri na biyu. Ka san kundina a kan waƙoƙin da matan Barno ke yi wajen daka da niƙa ne. Da na miƙa shi, sai aka kira ni ofishin shugaban sashe. Na tarar da malamin da aka ba aikin ya duba, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin suna ɗaya cikin manazarta: wata maƙala ta Dakta Dzarma da ta fito a wata tsohuwar mujallar nazarin adabi tun ba a haife ni ba. Ya ce ya neme ta a intanet da duk inda ya sani bai gan ta ba. Ya ce yanzu ɗalibai manhajar waya suke sa wa ta rubuta musu aiki, ita kuma ta ƙirƙiro sunayen littattafan da ba a taɓa bugawa ba, kuma yana zargin abin da na yi ke nan. Babi na biyu gaba ɗaya a kan maƙalar nan ya tsaya. Aka ce in kawo ta gaban kwamiti, in kuwa na kasa, za a rubuta cewa na yi ƙage.

Ni kuwa da idona na karanta ta, a ɗakin karatun wata tsohuwar kwaleji a cikin gari, na kuma ɗauki hoton shafukanta. To amma ambaliyar da ta tashe mu daga unguwar Fezzan ta tafi da wayar. Da na koma kwalejin, sai mai gadi ya nuna mini inda ruwa ya tsaya a bango, sama da kaina. Ya ce mujallun duk sun manne sun zama kamar tubali, an kwashe su a baro an zubar. Abin da ya fi damuna shi ne makarantar da nake koyarwa: da wace fuska zan hana yara satar amsa in an ce malamarsu ta yi ƙage?

Wadda ta tsaya mini ita ce Madam Margaret, ma'aikaciyar sashen manazarta a laburarenmu. Ta ce in daina kuka a kan kantarta, in zo mu yi aiki. Muka fara da akwatin katunan da ba wanda ke buɗewa yanzu, muka bi jerin sunayen marubuta, babu. Muka duba littattafan da ke tattara sunayen maƙalun da aka buga shekara-shekara, mujallar ba ta ciki, don ƙarama ce, ba ta daɗe ba ta mutu. Daga nan ta ce mu sauko da tsofaffin kundayen ɗalibai mu riƙa buɗe su ta baya, mu ga wa ya taɓa ambaton ta. Ƙura ta sa ni tari har muryata ta dishe. A ƙarshe muka same ta a kundi ɗaya, suna da shekara duk daidai da nawa. Na kai wa malamin da murna, sai ya ce wannan ya nuna maƙalar ta wanzu, amma bai nuna na karanta ta ba, wataƙila daga nan na kwafi sunan. Na fito ban san ta wace ƙofa na bi ba.

Da na mayar wa Madam Margaret, ta sake duba sunan marubucin. Can ta ce akwai wani tsoho Dzarma da ya taɓa koyarwa, wanda dā suke zuwa coci ɗaya, amma ta daɗe ba ta gan shi ba. Ta yi ta kiran mutane har aka ce yana unguwar Dala, nan cikin Maiduguri, wajen 'yarsa Ketura. Umar Faruk ya raka ni a keke napep. Ketura ta tare mu a ƙofa, ta ce babanta ya yi shanyewar ɓarin jiki, likita ya hana a tayar masa da hankali, kuma ba shi da ko takarda ɗaya, ruwa ya cinye littattafansa duka. Har mun juya sai muka ji muryarsa daga ciki yana tambayar wa ke maganar waƙoƙin daka. Ya sa na bar masa babin, bai yi mini alkawarin komai ba.

Ranar zaman kwamiti na shiga hannu wofi. An fara karanta tuhumar ke nan sai ga Ketura ta shigo riƙe da shi, yana jan ƙafa ɗaya. Aka ba shi kujera. Ya ce maƙalar tasa ce, amma ba ceto na ya zo yi ba, ya zo ne don yarinyar nan ta ce ya yi kuskure. Shi a ganinsa waƙoƙin nan kuka ne kawai na matan da ba su da bakin magana, ni kuma na rubuta cewa akwai raha da habaici da hukunci a cikinsu. Ya juyo ya ce in kare kaina. Kawu, na ɗauka ƙarasa ni ya zo yi. Na dai daure na tuna masa misalin da shi kansa ya kawo a tsakiyar maƙalar, na wata tsohuwa a Biu da ta sa sunan surukinta a waƙa har ya daina bin hanyar gidanta, na ce mai kuka kawai ba ta korar namiji daga hanya. Wannan misali ba ya cikin kundina. Sai ya gaya wa kwamiti cewa har yanzu bai yarda da ni ba, amma ba wanda zai san tsohuwar nan sai wanda ya karanta maƙalar har ƙarshe.

An janye tuhumar, alhamdu lillahi. Sai dai sun ce ba za a sa hannu a kundin ba sai na haɗa da kwafin maƙalar kafin ƙarshen zangon nan, in ya wuce kuma sai wata shekara. Dakta ya ce a zamaninsu ana aika kowace fitowa zuwa manyan laburaren jami'o'i, yana kyautata zaton akwai ta a Zariya. Shi ya sa na zo gare ka. Na rubuta sunan mujallar da shekarar a bayan takardar nan. Don Allah ka sa 'yarka Aisha Humaira ta kai ka sashen tsofaffin mujallu na laburaren jami'a, tunda mutanen wurin sun san ka. In ba ta kan kantar littattafai, a roƙe su su duba cikin waɗanda aka ɗaure aka ajiye a sito. Ba ni da wani wurin nema bayan nan.

In Allah Ya sa an dace, a yi kwafi biyu. Da muna fita, Dakta ya riƙe hannun Umar Faruk ya ce in an samo a kawo masa ɗaya, yana so Ketura ta karanta masa, ya ji ko da gaske yarinyar nan ta fi shi gaskiya.

A gaishe mini da Inna Talatu ƙwarai, da Aisha Humaira, da Abdulmutallib da iyalinsa. Hajja da Umar Faruk suna gaishe ka. Ka sa ni a addu'a, Kawu, hankalina bai gama kwanciya ba.

'Yarka,
Rumaisa'u