Tsohon da Na Bari a Hanyar Tsarnawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahama. Ni ne Sani, ɗanki direba.

Kin tuna shekarun da nake jan motar siminti daga Malbaza? Wata la'asar da kaka, daf da Tsarnawa, na bugi amalanken jaki. Tsoho ne a kai da buhunan wake. Na duba madubi, na gan shi kwance gefen kwalta. Ƙafata ta je kan birki, ta dawo. Na wuce.

Kafin in iso Konni na gama shirya hujjojina. Rana ce ta shige mini ido. Birkin ma dama ba shi da kyau. Me ya kai tsoho tsakiyar hanya? In na tsaya mutanen gari suka kashe ni, ko jandarma suka rufe ni, wa zai ci da ke? Wannan ta ƙarshe na fi so, Inna, don a kanki ta ɗora laifin.

Da na iso gida kika ajiye mini tuwo, kika dube ni kika ce, "Sani, sau uku kana wanke hannu, ba ka ci ba." Na ce gajiya ce. Kika ɗauke kwanon. Ba ki sake tambaya ba har kika bar duniya.

Bayan kwana biyu na ji a tasha cewa tsohon bai mutu nan take ba, ya daɗe a wurin yana kira. Har da ni a masu cewa Allah ya isa tsakaninsa da direban. Da bakina na faɗa.

Na yi sadaka, na je Makka, ina gaya wa kaina kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma bai taɓa sa hankalina ya kwanta ba.

Jiya na je Tsarnawa. Na sami 'yarsa Hajo, har ta yi jikoki. Na faɗa mata kome. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Cewa kawai ta yi, "Da ka tsaya, da ya sami mai ba shi ruwa."



Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Allah ya jiƙan Malam Abdu. Sunansa ke nan, sai jiya na sani.

Ɗanki,
Sani