Inna Ta Gyara Muna Waƙar Maryama

Madawa, Lahadi, 15 ga Disamba, 1946

Yau Inna ta zo daga Karofane, karo na farko tun da na shiga Katolika. Ta ƙi fura, ta zauna bakin ƙofa tana kallon bango. Da la'asar abokaina uku sunka zo koyon waƙar Nowel, wato Kirsimeti, da na maida Hausa. Munka fara waƙar, Inna tana ji.

Sai ta ce, "Ɗana, wace Maryama kuke yabo? Uwar Annabi Isa?"

Na ce, "Ita, Inna."

Ta ce, "Ba a yabon mace irin wagga da gaggawa. Ku sake."

Munka sake a hankali, kuma wallahi ta fi daɗi. Hankalina ya kwanta. Ta ce ba za ta koma gida gobe ba, sai Laraba.