Muryar Yayana Da Kuka Sa A Rediyo

Zuwa ga Malam Farfesa, shugaban binciken da aka yi a Matameye kan ƙyamar da ake nuna wa masu tarin fuka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Lawali, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi maka tafinta lokacin da ka zo garinmu. Sau biyu na rubuto maka a asirce, shiru. Shi ya sa yau na rubuto a fili.

Na farko. Da ka zo, marasa lafiya sun ƙi yi maka magana. Ni na yi ta zagayawa har Kance da Ɗan Barto ina lallashinsu, don na gamsu da bayaninka cewa yadda ake yi wa talaka maganar cuta ne ke korarsa daga likita. Da mutane suka yi ƙaranci, na kawo maka yayana uwa ɗaya uba ɗaya, Habu mai shayi a tasha. Wata biyu ke nan yana shan magani a ɓoye, daga ni sai matarsa Rakiya muka sani. Kafin ya buɗe baki sai da ya tambaye ni, "Lawali, ba mai ji?" Na juya maka tambayar, ka ce daga kai sai ɗalibanka. Ka miƙo takarda da Faransanci ya dangwala yatsa, sannan ka naɗi muryarsa. Ban karanta ta har ƙarshe ba, na yarda da kai.

Na biyu. Bayan kaka sai ga muryarsa a rediyon karkara, cikin shirin wayar da kai da ka shirya. Gaskiya ba a faɗi sunansa ba. Amma Malam, mutumin da ya shekara ashirin yana kiran masu shayi a tasha, wa zai kasa gane muryarsa a Matameye? A teburinsa ma rediyon yake, direbobi na zaune. Ɗaya ya ajiye kofi ya ce, "Habu, ashe da wannan kake ba mu shayi?" Kafin sati ya zagayo benci ya zama wayam. Ma'aikacin likita ya sha gaya masa cewa tunda ya daɗe kan magani ba zai shafa wa kowa ba, amma wannan bayanin ba ku sa shi cikin shirin ba. Kun zaɓi wurin da yake kuka.

Na uku. Daga nan ya daina zuwa karɓar magani, don ya ce duk wanda ya gan shi a hanyar likita ya samu tabbaci. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce zan riƙa karɓo masa. Ya ce, "Kai ma ai ka ce ba mai ji." Bai ƙara amsa mini magana a kan wannan ba. Ya rasu da damina. Waɗanda suka tsaya wankansa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma har yau maƙwabta ba su cin abincin da ya fito daga gidan Rakiya.

Na ji an ƙara maka girma a jami'a, ana gayyatarka ƙasashe kana bayani kan illar tsangwama. Ba na yi maka baƙin ciki. An turo mini littafin da ka rubuta, na ga maganar yayana a ciki, an kira shi "mai amsa na bakwai". Littafin gaba ɗaya da Faransanci yake. Cikin waɗanda suka ba ka labarinsu babu mai iya karanta layi ɗaya.

Ga abin da nake roƙo. Ka sa a daina saka wannan shiri, don har watan jiya an maimaita shi, 'ya'yansa suna ji. Ka tako da ƙafarka ka yi wa Rakiya gaisuwa, ka gaya mata da bakinka yadda aka yi, ba ta hannun tafinta irina ba. Abin da ka gano, a juya shi da Hausa a karanta wa mutanen da aka tatso shi daga bakinsu. Kuma ɗaliban da kake koyarwa, kada ka bar ɗayansu ya sa wani dangwala yatsa kan abin da ba a karanta masa da harshensa ba.

Ban cire kaina daga laifi ba. Kai baƙo ne, bai san ka ba. Ni ya sani, da ni ya yarda. Kullum sai na bi ta tasha in zan tafi lakwal, kuma wani ya riga ya kafa tebur a gurbin Habu.

Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani, Ya tsare ka da zama sanadin abin da na zama sanadinsa, Ya jiƙan Habu.

Wassalam.

Lawali, ƙanen marigayi Habu mai shayi,
Matameye.